Shan Maganin Hawan Jini da na Ciwon Zuciya Bisa Ƙa'ida

 

Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne maganin da likita yake rubuta wa mai hawan jini ko mai ciwon zuciya, da yadda za a sha shi ya yi amfani ba tare da ya jawo wata ɓarna ba. Maganar ta shafi kusan kowane gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a cikin rahotonta na shekarar 2023 cewa cikin kowane baligi uku na duniya ɗaya yana da hawan jini, kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, sa'an nan cikin mutum biyar masu cutar, huɗu ba su samun magani yadda ya kamata. Nijeriya ba ta fita daga cikin wannan lissafi ba. Wanda bai kamu ba yana da uwa, ko uba, ko miji, ko mata da suka kamu, saboda haka ina roƙon kowa ya ba ni hankalinsa.

Da fari bari mu fahimci cutar kanta a taƙaice. Zuciya famfo ce, jijiyoyi kuwa su ne bututun da jini yake bi ya zaga jiki. Idan malamin asibiti ya ɗaura maka abin awo a dantse, ƙarfin da jini yake tura bangon jijiya da shi yake aunawa. Lamba biyu zai faɗa maka: ta sama ita ce ta lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuwa ta lokacin da ta saki. Mai lafiya akan same shi wajen 120 bisa 80. Idan aka auna mutum a ranaku dabam-dabam aka ga yana kai 140 bisa 90 ko fiye, to, yana da hawan jini. Ba jinin ne ya yi yawa ba, kamar yadda wasu suke zato har su tafi wurin wanzami a yi musu ƙaho. Matsi ne ya yi yawa, shi ne kuma yake cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda da na ido sannu a hankali, yana gajiyar da zuciya. Mafi yawan masu shi ba su jin kome a jikinsu, ko ciwon kai. Sau da yawa alamar farko ita ce faɗuwa da shanyewar ɓarin jiki.

Daga nan ne babban kuskuren mutanenmu yake tasowa. Mun saba da zazzaɓin cizon sauro, wanda akan sha magani kwana uku a warke a manta. Sai mutum ya ɗauka hawan jini ma haka yake. Ya sha magani wata guda, ya koma asibiti, a auna a ce masa jini ya sauka zuwa 130 bisa 80, ya yi hamdala, ya jefa sauran ƙwayoyin cikin aljihun tebur. To, abin da bai sani ba shi ne maganin ne ya saukar da jinin, shi ne kuma yake riƙe da shi, kamar yadda madatsa take riƙe da ruwa. Ranar da aka janye madatsa ruwa zai koma hanyarsa. Cikin 'yan kwanaki ko makonni jinin zai sake hawa, mutum yana ta harkarsa bai sani ba. Ga yawancin masu wannan cuta shan magani abu ne na muddin rai. Na san maganar tana da nauyi a kunne, amma gara a ji ta yanzu a zaune lafiya. Akwai waɗanda likita yakan rage musu magani idan sun rage ƙiba da cin gishiri, jininsu ya daɗe a daidai, amma wannan hukunci na likita ne, bayan awo.

Har ila yau akwai magungunan da barinsu farat ɗaya haɗari ne na musamman. Irin su atenolol da propranolol da bisoprolol suna rage gudun bugun zuciya. Idan mutum ya daɗe yana shansu ya daina rana ɗaya, zuciya takan zabura kamar dokin da aka sakar wa linzami, har ta kai mai ciwon jijiyar zuciya ga bugun da ba a so. Idan da dalilin barinsu, likita yakan rage su ne kaɗan-kaɗan.

Yanzu sai mu dubi magungunan da aka fi rubutawa a asibitocinmu, gama ya kamata kowa ya san sunan abin da yake haɗiyewa. Abin takaici ne a tambayi dattijo wane magani yake sha, ya ce wata 'yar farar ƙwaya ce da wata ja. Fararen ƙwayoyi ba su ƙirguwa. Wanda bai iya karatun boko ba ya sa ɗa ko jika ya rubuta masa sunan maganin, da nauyinsa a miligiram, da lokacin shansa, ya riƙe takardar tare da katinsa na asibiti.

Amlodipine da nifedipine suna buɗe jijiyoyi domin jini ya sami sarari. Wasu sukan sami kumburin idon sawu, ko ciwon kai a kwanakin farko. Hydrochlorothiazide, wanda yake cikin ƙwayar nan da aka sani da Moduretic, yana sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa ta fitsari, saboda haka da safe ake shansa, don kada mutum ya kwana yana zirga-zirga zuwa bayan gida. Lisinopril da danginsa suna hana jiki yin wani sinadari mai tsuke jijiya, suna kuma kare ƙodar mai ciwon sukari. Aibinsu shi ne busasshen tari mai naci wanda ba ya jin maganin tari. Mutane da yawa sun ɓata kuɗi a kan ruwan maganin tari, wasu har an yi musu zaton tarin fuka, alhali abin da ake bukata kurum shi ne likita ya musanya ƙwayar da irin su losartan. Amma idan mai shan lisinopril ya ga leɓensa ko harshensa ko fuskarsa sun kumbura, kada ya ƙara shan ko ɗaya, ya tafi asibiti nan take, domin kumburin yana iya toshe maƙogwaro, an kuma lura ya fi samun baƙar fata. Furosemide, watau Lasix, shi ake ba wanda zuciyarsa ta gaza, ruwa ya taru masa a ƙafa da ƙirji har yana haki idan ya kwanta.

Kada wanda aka rubuta wa magani iri biyu ko uku ya tsorata, ya ce cutarsa ta yi nisa. Yawancin masu hawan jini ƙwaya ɗaya ba ta isarsu. A shekarar 2019 aka buga sakamakon wani bincike da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya shugabanta, wanda aka yi a kan mutum fiye da 700 a ƙasashe shida na Afirka, da Nijeriya a ciki. Aka gwada haɗin magunguna bibbiyu, aka ga haɗin da yake da amlodipine a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata. Abin alfahari ne a ce yau likitocinmu suna rubuta magani bisa gwajin da aka yi a jikin mutanenmu. Idan an ba ka biyu, sha biyun. Wanda ya zaɓi ɗaya ya ajiye ɗaya don ya yi tsimi, rabin magani ya sha.

Akwai wata magana da maza ba su son faɗa a gaban likita, balle idan mace ce, sai su daina magani a ɓoye. Gaskiya ne wasu daga cikin magungunan nan, musamman masu sa fitsari da irin su atenolol, sukan rage wa wasu maza ƙarfi wajen iyali. Amma hawan jinin kansa, idan aka bar shi, yana lalata jijiyoyin da wannan ƙarfi ya dogara a kansu. Magungunan hawan jini iri-iri ne, likita yana da abin da zai musanya maka da shi. Kunya ba ta da wuri a ɗakin likita. Haka kuma wanda yake jin jiri in ya miƙe tsaye, ya riƙa tashi a hankali, ya zauna a bakin gado kaɗan kafin ya miƙe, sa'an nan ya sanar a asibiti, watakila nauyin maganin ne ya yi masa yawa.

Game da lokacin sha, ka zaɓi lokaci ɗaya ka tsaya a kansa, ka ɗaura shi da wani abin da ba ka fashinsa, kamar sallar asuba ko karin kumallo. Idan ka manta, ka tuna bayan 'yan sa'o'i, sai ka sha. Idan kuwa lokacin na gaba ya matso, ka bar wanda ya wuce. Kada ko da wasa ka haɗa biyu don ramuwa, gama jini yana iya faɗuwa ƙasa ƙwarai har mutum ya suma.

To, yanzu na zo kan abin da na fi so ku riƙe, watau abubuwan da ba su jituwa da waɗannan magunguna. Na farko cikinsu shi ne maganin ciwon jiki da ake saye ba da takardar likita ba, irin su ibuprofen da diclofenac da piroxicam wanda aka fi sani da Feldene. Manomi ya dawo daga gona, direba ya sauka daga doguwar tafiya, tsohuwa gwiwa ta dame ta, kowa sai ya aika yaro kemis a haɗo masa na gajiya. Waɗannan ƙwayoyi suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna ta da jini, suna karya ƙarfin maganin likita. Idan suka haɗu da lisinopril da maganin sa fitsari a jiki ɗaya, ƙoda ce take shan wahala, wani lokaci ta tsaya cik. Mai hawan jini ko ciwon zuciya in yana jin ciwo, farasitamol ya fi masa aminci, shi ma gwargwadon ƙa'ida. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci su ma suna ta da jini. Haka nan dexamethasone da prednisolone da wasu mata suke sha don su yi ƙiba.

Na biyu gishiri ne, da 'yar'uwarsa kanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada abin da baligi zai ci na gishiri a yini ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, da na cikin miya da na cikin kome da kome. Dunƙulen ɗanɗano da ake marmasawa a miya yawancinsa gishiri ne. Uwargida ta jefa huɗu ko biyar a tukunya, ta ƙara gishiri, maigida kuma ya barbaɗa yaji mai gishiri a kan tsire da dare, sa'an nan a yi mamakin yadda magani ya ƙi aiki. Kanwa kuwa mutane ba su ɗaukarta gishiri don ba ta da ɗanɗanonsa, amma sinadarin sodiyam da yake ta da jini a cikin gishiri shi ne a cikinta. Tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry, suka yi rubutu a kan yawan gazawar zuciya ga mata masu jego a wannan yanki, suka kuma ja hankali ga yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken da ya biyo baya ya nuna cutar tana da dalilai da dama, amma babu likitan da zai yarda mai jego mai hawan jini ko mai kumburin ƙafa ta riƙa ɗura wa kanta kanwa. Iyaye mata da surukai, ku ne kuke dama kunun nan, a hannunku maganar take.

Na uku shi ne maganin gargajiya. Ba na raina abin da muka gada, magunguna da yawa na asibiti daga tsiro aka samo su. Digoxin da ake ba masu ciwon zuciya daga ganyen wani tsiro na Turai ake fitar da shi. Bambancin shi ne an auna shi, an san nauyin kowace ƙwaya. Jiƙon da aka saya a kwalba a tasha ba wanda ya san ƙarfinsa, ba kuma wanda ya san yadda zai yi da ƙwayar likita idan sun haɗu a ciki. Zoɓo an gwada an ga yana ɗan saukar da jini, tafarnuwa ma ana faɗar haka, amma ba su kai su maye gurbin magani ba. Abin da ya fi tsoratarwa shi ne maganin ƙarfin maza. An sha gwada irin waɗannan haɗe-haɗe a ɗakunan bincike na ƙasashe da dama, aka tarar an ɓoye sildenafil a ciki, watau sinadarin Viagra. Mai ciwon ƙirji da yake shan isosorbide, ko yake sa ƙwayar nitroglycerin a ƙarƙashin harshe, idan ya haɗa su da sildenafil jininsa yana iya faɗuwa gaba ɗaya, ya rasa ransa. Duk abin da kake sha, na bature ko na gida, ka faɗa wa likita, ba zai kai ka ƙara ba.

Magani biyu suna bukatar kula ta musamman, domin tsakanin abin da zai yi amfani da abin da zai cutar tazara kaɗan ce. Na farko warfarin, wanda ake ba waɗanda aka sauya musu ƙyauren zuciya ko masu bugun zuciya marar tsari, don kada jini ya yi guda. Mai shansa tilas ya riƙa zuwa gwajin jini da ake kira INR a kan kari. Flagyl da Septrin da asfirin suna ƙara masa ƙarfi har jini ya tsinke. Ganyaye irin su alayyafo da zogale suna rage masa ƙarfi saboda bitamin K da yake cikinsu. Ba a hana cin ganye ba, abin da ake so shi ne a ci daidai wa daida, kada a ƙaurace masa wata guda sa'an nan a cika kwano da kwaɗon zogale kullum. Haɓo da ya ƙi tsayawa, jini a dasashi ko a fitsari, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, duka alamu ne na a tafi asibiti a ranar. Na biyu digoxin. Idan ya yi yawa a jiki yakan sa tashin zuciya da amai da rashin son abinci, wani ya riƙa ganin abubuwa rawaya-rawaya. Asfirin kuma, da wasu suke sha kullum don sun ji an ce yana kare zuciya, yana da amfani ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko wani irin shanyewar jiki, amma yana iya sa zubar jini a ciki. Kada kowa ya ɗora wa kansa shi sai da izinin likita.

Mata masu hawan jini, idan kuna neman haihuwa ko kun ga batan wata, ku gaggauta sanar da likita. Lisinopril da losartan da danginsu suna yi wa ɗan tayi lahani. Akwai waɗanda aka amince da su ga mai ciki, kamar methyldopa, watau Aldomet, da labetalol da nifedipine. Musanyawa ake yi, ba a barin mai ciki haka nan ba magani, gama hawan jini a lokacin ciki shi yake kawo jijjiga, wadda take cikin manyan abubuwan da suke kashe mata wajen haihuwa a ƙasar nan.

Batun azumi kuwa, ko na watan Ramalana ko wanda 'yan'uwanmu Kirista suke yi, mai hawan jini da jininsa yake a daidai yawanci yana iya yi. Amma ya je asibiti tun da sauran makonni, a tsara masa lokutan sha. Magungunan da ake sha sau ɗaya a yini ba wuya a mai da su lokacin buɗa baki ko sahur. Masu sa fitsari su ne abin lura, musamman idan azumi ya faɗo a bazara, domin wanda ya sha su da sahur zai yini yana zubar da ruwan da ba zai iya mayarwa ba. Mai gazawar zuciya mai tsanani, ko wanda bai daɗe da tashi daga bugun zuciya ba, ya bi shawarar likita, addini ya riga ya yi wa marar lafiya rangwame. Haka kuma idan amai da gudawa suka kama mai shan lisinopril ko maganin sa fitsari, ya nemi asibiti da wuri, watakila a dakatar masa da su kwana ɗaya ko biyu har ruwan jikinsa ya dawo.

Sai wurin saye. Maganin hawan jini da na zuciya ba na tallar faranti ba ne, ba kuma na cikin motar haya ba. A saya a asibiti ko a kantin magani mai rajista, inda akwai ƙwararren mai harhaɗa magani. Tun shekarar 1993 aka kafa hukumar NAFDAC domin kula da ingancin abinci da magunguna. Ka duba lambarta a jikin kwali, ka duba ranar da maganin zai lalace. Wasu kwalaye suna da wurin da ake kankarewa a aika da lambar ta waya, a sami amsa ko na gaskiya ne. Na san magani ya yi tsada, na kuma san akwai masu shan ƙwaya yau su tsallake gobe don ta kai su ƙarshen wata. Wanda yake cikin wannan hali ya faɗa wa likita gaskiya. Amlodipine ɗaya ne ko wane kamfani ya yi shi, muddin mai rajista ne, sau da yawa kuma akwai mai araha da zai yi aiki daidai da mai tsadar. Ka sayi na gaba tun na hannunka yana da sauran mako guda. Ka ajiye shi cikin kwalinsa a inuwa, nesa da murhu da hannun yara, kada a bar shi cikin mota a rana. Kada kuma ka ɗiba ka ba maƙwabci don ya ce shi ma kansa yana ciwo. Atenolol ko propranolol da suka karɓe ka suna iya sarƙe numfashin mai asma.

Akwai alamun da in an gan su ba a jiran wayewar gari: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya su mutu, magana ta sarƙe, ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora dutse har ciwon yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi tare da gumi, ko numfashi ya gagara. Wanda aka ba ƙwayar ƙarƙashin harshe don ciwon ƙirji ya zauna ya sa ɗaya, idan bayan minti biyar ciwon bai lafa ba a nemi mota. Wanda bakinsa ya karkace kuwa kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko wata ƙwaya, domin yana iya shaƙewa, kada kuma a yi ƙoƙarin saukar masa da jini a gida da ƙarin magani. A kwantar da shi a gefensa, a lura da lokacin da abin ya fara, a kai shi babban asibiti mafi kusa. Wanda zai raka shi ya tattara dukan magungunan da yake sha cikin jaka ɗaya, da katinsa na asibiti, ya miƙa wa likitan da ya karɓe su.